Matakan Unix da Ƙofar Mutum Ɗaya

A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, aka raine shi domin jama'a su yi tarayya a kwamfuta guda. System V na 1983 ya yaɗa matakan aiki masu lamba, Linux kuma ya gada: 0 na kashewa, 6 na sake kunnawa, 1 na mutum ɗaya, inda akan sallami kowa, mai kula ya gyara ɓarna. Daga 2010 systemd ya musanya lambobin da sunaye, amma ƙofar tana nan, haɗarinta ma haka: muddin ba kalmar sirri, duk wanda ya isa gaban injin ya mallake shi.