Tsarin Bretton Woods

Tsarin Bretton Woods yarjejeniya ce da ta tsara yadda ake canjin kuɗaɗen ƙasashe daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1970. An ƙulla ta a watan Yuli na 1944, lokacin da wakilan ƙasashe 44 suka hallara a otal ɗin Mount Washington da ke jihar New Hampshire ta Amurka. John Maynard Keynes na Birtaniya da Harry Dexter White na Amurka su ne suka ja ragamar muhawarar.

Ginshiƙin tsarin shi ne dala. Amurka ta yi alkawarin musanya wa gwamnatoci kowace dala 35 da oza ɗaya ta zinariya. Sauran ƙasashe kuma suka ɗaura darajar kuɗinsu a kan dala, bisa sharaɗin kada ta hau ko ta sauka fiye da kashi 1 cikin 100. A wannan taro ne aka haifi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, da kuma Bankin Duniya.

Daga baya dalolin da ke hannun ƙasashen waje suka fi ƙarfin zinariyar da Amurka ta ajiye, ga kuma ɗawainiyar yaƙin Biyetnam. Ranar 15 ga Agusta, 1971, Shugaba Richard Nixon ya dakatar da musayar. Zuwa 1973, manyan kuɗaɗe sun koma hannun kasuwa, ita ke yanke musu farashi. Tsarin ya rushe, amma cibiyoyin biyu suna nan, kuma sharuɗɗan bashinsu na shafar rayuwar talakawa a ƙasashe masu tasowa.