Ƙaro: daga bakin yaran kiwo zuwa kwalbar lemo

Wata malamar makaranta ce daga Dutse ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga mutanen Indiya suna jiƙa wani irin ƙaro ya kwana a ruwa, da safe su zuba masa madara ko lemon tsami su ba yara saboda zafi. Shin mu ma mun gaji irin wannan?

Malama, nasu daban, namu daban. Nasu, da suke kira gond katira, kumbura yake yi a ruwa. Namu narkewa yake yi. Abin da iyayenmu mata ke kashe wa yara ƙishirwa da shi idan bazara ta kankama a watan Afrilu shi ne kunun tsamiya, zoɓo, da fura da nono mai sanyin randa. Amma ƙaro bai taɓa nisa da bakin ɗan Bahaushe ba. Duk wanda ya yi kiwo yana yaro ya san daɗin ɓamɓaro shi daga jikin dakwara ko dushe, a yi ta tsotsa har a kai gida. A makarantar allo kuma da shi ake haɗa tawada don ta kama, in an wanke rubutu yaro ya shanye. Ashe mun daɗe muna shan ƙaro, ba mu dai kira shi abin sha ba.

Duniya ce ta mayar da shi abin sha. Kamfanonin lemon kwalba da shi suke riƙe ɗanɗano da launi kada su rabu da ruwa. Saboda haka ne da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan, ƙasar da ta fi kowace samar da ƙaro, takunkumi a 1997, aka bar wa ƙaro ƙofa. A 2007 ma jakadan Sudan a Washington ya ɗaga kwalbar Coca-Cola gaban 'yan jarida, yana gargaɗin cewa ƙasarsa na iya hana fitar da shi.

Wannan kasuwa ce Alhaji Saminu Turaki ya hango lokacin da yake gwamnan Jigawa, daga 1999 zuwa 2007. Gwamnatinsa ta mayar da ƙaro babban zance: aka raini dashen dakwara, aka raba, aka buɗe gonaki, da nufin a riƙa fitar da shi waje ta yankin kasuwanci na Maigatari, bishiyoyin kuma su tare hamada. Har yau ba a daina gardama a kan shirin ba. Wasu na cewa aikin ganin ido ne tun farko, irin na a faɗa a rediyo. Wasu kuma na cewa tunanin daidai ne, riƙon ne ya gaza.

Ni ina tare da na biyun. Dakwara bishiyar ƙasarmu ce, tana jure fari da rairayi, babu wanda ya kawo mana ita daga waje. Matsalarta ɗaya: sai ta shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga ta a sami ƙaro. Wa'adin gwamna kuwa shekara huɗu ne. Manomin da ke lissafin geron da zai kai shi damina ba zai tsare dashe tsawon wannan lokaci daga bakin awaki ba, sai da shinge, da tallafi, da tabbacin mai saye. Raba dashe abu ne mai sauƙi. Raino ne aikin, kuma nan aka yi sakaci. Gwamnatocin da suka biyo baya kowace ta kama nata, zancen ƙaro ya lafa.

Sai ga yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, masu saye suka shiga neman wata hanya. Da bishiyoyin nan sun rayu yadda aka so, da yanzu Jigawa na cikin masu cin kasuwar.

Kirana ga mahukunta a Dutse: a koma a ƙirga abin da ya rage na waɗancan gonaki, a killace su, a damƙa wa manoman da ke kusa. Ke kuma Malama, ki ci gaba da dama wa yaranki kunun tsamiya, ki kuma nuna musu dakwara su san ta.