Da gwamnati ta hau jirgin kamfani

A 1830 jirgin ƙasa ya fara ɗaukar wasiƙu a Ingila, tsakanin Libaful da Mancesta. Layin na kamfani ne, wasiƙun na gidan waya. Don kada ƴan kasuwa su tsawwala, majalisa ta yi doka a 1838: shugaban gidan waya ke sa lokacin tashin jirgi, dare ko rana, amma sai an biya kamfani. In ciniki ya gagara, masu sulhu su yanke. A 1844 aka ƙayyade kuɗin soja, peni 1 kowane mil, na hafsa peni 2.

Malamai da iyaye, ni abin da nake so yaranmu su riƙe ke nan: hukuma ta tilasta aikin, amma ba ta hau kyauta ba.