Buɗe Adireshin Imel na Hukuma da Kula da Shi

Gabatarwa

A ofisoshinmu da dama, musamman na ƙananan hukumomi, ana aika wasiƙun aiki ne ta adireshin Gmail ko Yahoo na wani ma'aikaci. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, sai ya tafi da wasiƙun, ofis ya rasa bayanan kwangila da na albashi. Saboda haka muke kira ga kowane ofis da ya mallaki adireshi da sunansa.

Mene ne domen?

Kowane adireshin imel kashi biyu ne. Abin da ke gaban alamar @ sunan akwati ne, abin da ke bayanta kuwa sunan gidan da akwatin yake, wanda ake kira domen. Sunayen Najeriya suna ƙarewa da .ng, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da su. Sunan da ya ƙare da .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai, kuma sai da amincewar Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ake samun sa. 'Yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma za su iya yin rajistar .com.ng ko .org.ng a wurin dillalan da NiRA ta amince da su.

Matakan buɗewa

Na farko, a yi rajistar sunan da sunan ofis, ba da sunan ɗan kwangilar da ya yi aikin ba. Wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai gida.

Na biyu, a zaɓi inda za a ajiye wasiƙun. Akwai Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, akwai kuma Google Workspace da Microsoft 365, waɗanda ake biya bisa yawan akwatuna.

Na uku, jami'in kwamfuta ya shigar da bayanai a kundin DNS na sunan. Bayanin MX shi ke nuna wa duniya inda za a kai wasiƙunmu. SPF yana lissafa kwamfutocin da ke da izinin aika wasiƙa da sunanmu. DKIM tamkar hatimi ne a kan kowace wasiƙa. DMARC kuma yana faɗa wa mai karɓa yadda zai yi da wasiƙar jabu. Tun daga watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗansu, don haka wasiƙar da ba ta da SPF ko DKIM tana iya dawowa ko ta faɗa cikin tarkace. Canjin yakan ɗauki har kwana 2 kafin ya kankama ko'ina.

Kula da akwatuna

A buɗe akwatuna da sunan muƙami, kamar sakatare@ ko ma'aji@ (a rubuta shi maaji@, domin adireshi ya fi sauƙi ba tare da waƙafi ba). Idan an miƙa mulki, a canza kalmar sirri a ranar, a rubuta hakan cikin takardar miƙa aiki. A kunna tabbaci na biyu ta wayar salula. A wayoyi da kwamfutoci a zaɓi tsarin IMAP, wanda ke barin wasiƙu a ma'ajiyarsu ko da waya ta ɓata. A kuma sa ranar sabunta rajista cikin kasafin kuɗi, domin idan wa'adi ya ƙare wasiƙu za su daina shigowa.

Kira ga jama'a

Duk wanda ya sami wasiƙar ɗaukar aiki, ko ta rabon taki, ya dubi ƙarshen adireshin. Idan ba .gov.ng ba ne, ya yi hattara. Ko da shi ne, idan an nemi kuɗi ko lambar BVN, ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya tabbatar kafin ya amsa.