Belbeji: Gari a Gaɓar Tekun Rairayi

Yaron da ya tashi a Belbeji bai taɓa ganin teku ba, amma a bakin gaɓa aka haife shi. Kalmar Sahel daga Larabci ta fito, ma'anarta gaɓa, domin masu ƙetare Sahara sun ɗauke ta tamkar teku, raƙumi kuwa shi ne jirginsu. Ƙasar Damargu, inda Tanut da Belbeji suke, nan ne matafiyi daga arewa ke fara ganin gonar gero da rumbu bayan doguwar tafiya cikin duwatsu da rairayi.

Wannan matsayi shi ya gina tarihin yankin. A ƙarni na 19 ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gat da Abzin, sai ya ratsa Damargu kafin ya isa Damagaram da Kano. Abzinawa kan kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi, har Damargu ta zama rumbun Abzin. Ta nan Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga nan kaya suka juya kudu, zuwa tekun ruwa, zangunan arewa suka fara mutuwa.

Gaɓar ita ma ba ta zauna wuri guda ba. A 1961 gwamnatin Nijar ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya abin da ke bayanta, amma gonaki sun ƙetare ta, farin 1973 da na 1984 kuma ya ƙarar da garkuna masu yawa. Duk da haka, a kwarin Tarka har yau manomi Bahaushe da Buzu da Bafillace a rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya suke haɗuwa, wannan da damin gero, wancan da akuya ko ƙwaryar nono.

Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Tanut. Ya kamata malamanta su sanar da ɗalibai cewa musayar hatsi da dabba ce ta raya kakanninsu, domin yaron da ya san haka zai yi wuya ya ɗauki maƙwabcinsa makiyayi a matsayin baƙo.