Zirkoniya: Daga Dutsen Ado Zuwa Bututun Hayaƙin Mota

A shekarar 1789, a birnin Balin na Jamus, masanin sinadarai Martin Heinrich Klaproth ya binciki wani dutsen ado mai suna zirkon da aka kawo daga tsibirin Silon, wato Sirilanka ta yau, ya fitar da wani farin gari da bai yi kama da duk abin da masana suka sani ba. Wannan gari shi ne zirkoniya, haɗin ƙarfen zirkoniyam da iskar oksijin. Ƙarfen kansa sai a 1824 Berzelius na Suwidin ya iya ware shi, kuma ba tsantsa ba.

Abin da ya fara jan hankali game da ita shi ne juriyar wuta, domin ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2700 a ma'aunin Salshiyas. Sai dai duk wanda ya gina bulo da zallarta ya gasa, idan ya huce sai ya tarar ya tsattsage. Dalilin yana cikin yadda ƙwayoyinta suke jeruwa. A zafin ɗaki tana da siffar da ake kira monokilinik. Idan zafi ya haura digiri 1170 sai ta koma tetiragonal, daga 2370 kuma ta zama kyubik. Wajen saukowa ake samun ɓarna: tana barin tetiragonal sai jikinta ya kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma farat ɗaya. Abu mai tauri ba shi da inda zai kai wannan ƙari, dole ya fashe. A 1929 Otto Ruff da abokan aikinsa suka nuna cewa ƴar farar ƙasa da aka cuɗa a ciki tana riƙe siffar kyubik har bayan an huce.

Labarinta a fagen katalis ya zo daga baya. Katalis shi ne sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da ya ƙare ba. Da yake galibi ƙarfe ne mai tsada irin su filatinam, akan barbaza shi a kan wani gari mai yawan ƙofofi da ake kira madogari, don iska ta taɓa kowace ƙwaya. Darajar madogari tana ga faɗin fuskarsa, babban abokin gabarsa kuwa zafi ne, wanda ke sa ƙwayoyi su manne da juna fuskar ta tsuke.

A nan binciken Ronald Garvie na 1965 ya zama ginshiƙi. Ya nuna cewa idan ƙwayoyin zirkoniya ba su wuce kimanin nanomita 30 ba, suna iya zama a siffar tetiragonal ko da a zafin ɗaki. Ashe girman ƙwaya da siffarta a ɗaure suke: zafi ya girmar da ƙwaya, fuska ta ragu, siffar ma ta juya. Kusan duk dabarar da ta biyo baya ƙoƙari ne na hana wannan girma.

Tun 1962 Holm da Bailey na kamfanin Phillips Petroleum a Amurka suka yi rajistar zirkoniya mai salfet, amma ba a kula ba sai da Hino da Arata na Japan suka nuna, a 1979 da 1980, cewa tana sauya tsarin iskar butan a zafi ƙanƙani. Salfet yana jinkirta girman ƙwayoyi, yana riƙe tetiragonal, yana kuma ba fuskar ƙarfin asid. An yi ta zuzuta ta fiye da kima. A aikace takan mutu da wuri saboda baƙin gawayi da ke lulluɓe ta da kuma zubewar salfet ɗin. Wannan ya sa masanan biyu suka gwada tungistan a madadinsa, wanda bai kai shi kaifi ba amma ya fi shi daɗewa.

Babbar nasarar ta zo ne a cikin mota. Tukunyar tace hayaƙi tana bukatar sinadarin da zai adana oksijin idan ya yi yawa, ya saki idan ya yi ƙaranci. Seriya ce ke wannan aiki, amma zafin hayaƙi, wanda kan kai digiri 1000, yana dunƙule ta. Da aka cusa zirkoniyam a cikinta, ƙwayarsa da ta fi ta seriyam ƙanƙanta ta karkata jerin, oksijin na can ciki ya samu hanyar fita, ba na fuska kaɗai ba. Daga shekarun 1990 wannan haɗi ya zama ruwan dare a masana'antar motoci. Duk da haka zirkoniya ba ta kori alumina ba, domin alumina ta fi ta araha da faɗin fuska. Shi ya sa a tukunyar tace hayaƙi ta yau ake shafa su tare a bango ɗaya.