Daga Zariya zuwa Dutse: Silsilar Koyar da Aikin Likita a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A tsarin karatun ƙasar Hausa na zaure, ba a cika tambayar malami inda ya zauna ba, sai dai a tambayi wurin wanda ya yi karatu, shi kuma wannan daga wa ya ɗauko. Wannan shi ake kira silsila. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi silsilar koyar da aikin likita a Arewacin Nijeriya tun daga tushenta har zuwa Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse, domin a ga yadda kowace makaranta ta rayu da malaman da wadda ta riga ta ta yaye, a kuma gane abin da ya rataya a wuyan ta Dutse.

Kafin Zuwan Jami'a

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da masu ba da magani, kowa da fanninsa: wanzami da ƙahonsa, maɗori, ungozoma, 'yar mai ganye, da malami mai rubutun sha. Gado da zaman almajirci su ne makarantarsu. Da mulkin mallaka ya kafu, sai En'e-En'e suka shiga gina asibitoci da ɗakunan shan magani, irin asibitin birnin Kano da aka buɗe a shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. Amma 'yan ƙasa da ke aiki a cikinsu malaman asibiti ne masu wankin gyambo da rabon magani. Likita kuwa Bature ne.

An buɗe makarantar likitoci ta Yaba a Ikko a 1930, sa'an nan Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, asibitin koyarwarta kuma a 1957. Kaɗan ne daga 'yan Arewa suka sami shiga, saboda ƙarancin makarantun sakandare masu koyar da kimiyya. Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda shi ne likita na farko ɗan Arewa, a Ingila ya yi karatunsa. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada buɗe tata makarantar likitoci a Kano, amma ba ta yi tsawon rai ba.

Zariya da Kano

Tushe mai ƙarko bai kafu ba sai bayan da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1967 aka kafa tsangayar likitanci a cikinta, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne da ya biyo ta Badun. Da yake babu asibitin koyarwa da aka gina musamman, sai aka jingina da asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna da Malumfashi. Malaman farko gauraye ne na 'yan ƙasa da baƙi. A cikinsu akwai Farfesa Umaru Shehu a fannin lafiyar al'umma, da Farfesa Eldryd Parry daga Birtaniya. A farkon shekarun 1970 tsangayar ta yaye likitocinta na farko. Asibitin dindindin na Shika kuwa sai a 2005 aka tare a cikinsa.

Waɗanda Zariya ta yaye su ne suka zama ginshiƙan makarantun da suka biyo baya a Maiduguri da Sakkwato da Kano. Jami'ar Bayero ta fara koyar da likitanci a shekarun 1980, aka kuma kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988. A wannan lokaci Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim duk suna cikin Jihar Kano, don haka ɗan yankin da ke son aikin likita sai ya nufi Kano ko Zariya, in ya gama kuma galibi can aiki yake riƙe shi.

Jigawa da Ƙishirwar Likitoci

Ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Sabuwar jihar ta tashi da ƙananan hukumomi masu yawan ƙauyuka, ba jami'a, ba asibitin koyarwa, manyan likitoci kuwa akasarinsu suna Kano. Illar wannan ta fi bayyana a kan mata masu haihuwa. Doguwar naƙuda a ƙauye mai nisa da asibiti ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, kuma yawan masu fama da shi ne ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki a Babban Asibitin Jahun tun 2008.

Gwamnatocin jihar sun bi hanyar tura ɗalibai, musamman mata, karatun likita a ƙasashen waje kamar Sin da Sudan. Dabarar ta samar da likitoci, amma tana da tsada, kuma tana rataye da zaman lafiyar ƙasar wasu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tilasta kwaso ɗalibai ana tsakiyar karatu. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Makarantar Dutse

A 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, ɗaya daga ciki a Dutse. Farfesa Jibrilla Dahiru Amin ne shugabanta na farko, Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta gaje shi a 2016. Daga baya jami'ar ta buɗe kwalejin likitanci, aka kuma mayar da Asibitin Rasheed Shekoni asibitin koyarwa na tarayya. Sunan asibitin na hafsan sojan da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1998 ne. A nan Dutse ta maimaita abin da Zariya ta yi: ta fara da asibitin da ta tarar.

Karatun shekara shida ne. Ɗalibi yakan fara da kimiyya, ya wuce ga sanin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi suke aiki, sa'an nan cututtuka da magunguna, daga bisani ya shiga zagayen ɗakunan majinyata: tiyata, haihuwa, ciwon yara da sauransu. In ya gama sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki. Hukumar likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1963, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, tana auna yawan malamai da gadaje da kayan aiki. Watau girman makaranta bai wuce yawan ƙwararrun da ta iya riƙewa ba, su kuwa ana zawarcinsu daga Saudiyya da Ingila.

Akwai kuma batun harshe. Da Turanci ake karatu, amma da Hausa ko Fillanci majinyaci yake kokawa. In tsohuwa daga Kiyawa ta ce jikanta yana da shawara, ko magidanci ya ce sanyi ke damunsa, kalmar tana iya ɗaukar cututtuka da dama waɗanda littafi ya rarrabe. Haka nan kunya takan hana mace faɗa wa likita namiji ainihin abin da ke damunta. Ɗalibin da ya tashi cikin wannan al'umma, mace ko namiji, yana shiga ɗakin majinyata da rabin ilmin da baƙo zai yi shekaru yana nema.

Kammalawa

Badun ta shayar da Zariya, Zariya ta shayar da Kano, Kano da Zariya kuma su ne maƙwabtan da Dutse take ɗiba daga rijiyarsu. Zariya ba ta tsaya da ƙafarta ba sai da ɗalibanta suka dawo suka karɓi allo daga hannun malamansu. Wannan ma'auni ne zai yi wa Dutse hukunci: ranar da aka sami likita a asibitin Jahun ko na Birnin Kudu wanda a Dutse ya yi karatu, malaminsa ma a Dutse ya yi, ranar silsilar ta kafu a Jigawa.